Aiken Habiba Zuwa Cabbal Hendu

Gummi, 13 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashina Kamilu, likitan awaki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dabbobin mutane da kake soka ma allura. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Inna, uwar maigidana, ƙafa ta matsa mata tun shigowar damina, amma tana cin tuwonta.

In ka manta ni, ni ce Habiba ɗiyar Malam Muttaka na Bukkuyum, wadda anka kai Gummi. Kakarka Zaliha da kakana ciki ɗaya sunka fito. Rabona da kai tun ranar da jakin Baffa Dodo ya kayar da kai cikin kwata da kayan Sallah, kuma ni na wanke ka, kana tsala ihu. To, yau ranar ramawa ta zo.

Ka ji an yanke muna waya a Zamfara duka. Shi ya sa ka ga takarda. Zakariyya direba, maƙwabcinmu, shina zuwa Sakkwato duk mako, can zai ɗauki hotonta ya tura maka. In ka ba da amsa sai ya bugo ta a takarda ya kawo min. Lambarka wurin innarka na samo.

Ga abin da ya sa na neme ka. Maigidana, wanda kuke ce ma Labbo, shekara uku ke nan ya bi Jaɓɓi, Bafillatanin da gidansu ke riƙe muna shanu tun zamanin iyaye. Da ɓarayin daji sunka matsa ma rugage, Jaɓɓi ya ce zai kora garke can wajenku, shi ko ya ce bari ya raka, ya ga inda shanu za su zauna ya dawo. Rakiya ta zama zama. Duk da haka in ya sauko kasuwa yakan kira, mu sha hira har kati ya ƙare. Kiran ƙarshe lokacin sanyi ne, tun kafin Rajab. Daga nan shiru. Bayan ƙaramar Sallah anka ɗaura auren autarmu Safa, ba shi ba saƙonai, Baffa Dodo ya zo daga Anka ya ba da ita.

Yanzu wani mai fataucin shanu ya ce ya ji wani Bazamfare ya rasu bisa dutse. Wani kuma ya rantse ya gan su sun ƙetara Kamaru. Yayyena sun ce in je wurin alƙali a raba auren, wai na zama ba ni ga tsuntsu ba ni ga tarko. Ni ko ba a kashe min aure da an-ce-ka-ce. In shina raye, matarsa ce ni. In ya mutu, in yi mishi takaba kamar kowace mace. Ɗaya cikin biyun nike so in sani.

An ce dutsen kusa da ku yake. Ka hau ka gano min. In ka gan shi, ka ce mishi an aurar da autarsa na tsaya gaban dangin ango ni kaɗai kamar marar kowa, kuma ban yafe ba sai ya zo ya faɗi dalili da bakinai.

Yayarka,
Habiba

Serti, 22 ga Satumba, 2021

Yaya Habiba,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin ganin rubutunki, ko da yake da zagi kika buɗe. Muna lafiya, maiɗakina tana gaishe ki. A yi wa Inna sannu, a riƙa gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi. Maganar jaki kuwa, ke kika tsikare shi da kara, duk unguwa ta shaida.

Na yi tambaya cikin makiyayan da nake yi wa dabbobinsu rigakafi. Sun san Jaɓɓi Bazamfare. Rugarsa tana wani wuri da ake kira Cabbal Hendu. Cabbal shi ne filin da ke can saman dutse, hendu kuma iska da Fulatanci. Amma duk wanda na tambaya Yaya Labbo sai ya ce bai sani ba, domin mutanen sama ba kasafai suke saukowa da damina ba, su ma waɗannan na ƙasa ne.

Wanda ya ce miki dutsen kusa da mu yake bai taɓa zuwa nan ba. Mota tana kai mutum ƙauyen Gashaka ne ta tsaya. Daga nan babu mota babu babur, sai ƙafa, ta cikin kurmi. Kuma ruwa ake yi mana ba dare ba rana, rafuka sun cika sun batse. Dattawan nan sun ce in jira ƙarshen Nuwamba. Shekarata huɗu a garin nan ban taɓa hawa ba, kin san ni, tudun da na saba da shi shi ne jujin bayan kasuwar Bukkuyum.

Zan je, na yi miki alkawari. Ki dai ba ni lokaci ruwa ya ɗauke. Ki ce wa su Yaya su yi haƙuri, abin da ya yi wata takwas ba zai lalace don wata biyu ba.

Ƙaninki,
Kamilu

Gummi, 6 ga Oktoba, 2021

Kamilu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Takardarka ta kwana biyu a aljihun Zakariyya, don mai ya yi wuya, bai samu fitowa daga Sakkwato ba. Inna ta gode da maganin, ta ce ashe likitan awaki ya san na mutane.

Wane ruwa kake faɗi? Mu nan gero ya shiga rumbu, shinkafar fadama ta sunkuyar da kai, masu su har sun fara komawa tafkuna. Rabonmu da hadari tun wancan mako. Sama ai ɗaya ce, Kamilu, ba a yi ma Taraba tata daban ba. In tsoro kake ji ka faɗa min, ba ni faɗa ma kowa sai innarka.

Ba wasa nike ba yanzu. Yayyena sun zo jiya su biyu, sunka zauna zaure sunka ƙi shan ko ruwa. Sun ce in watan Maulidi ya mutu ba labari, da ni ko ba ni za su kai magana gaban alƙali. Na san don ni suke yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ka duba min wannan: a raba ni da mutum da takardar kotu, bayan nan ya shigo da sandarsa ya yi sallama, in ce mishi mi? Ko kuma a raba mu alhali shina kwance cikin ƙasa, ya tafi ba wadda ta zauna dominai ko kwana guda. Auren shekara ashirin da bakwai bai cancanci haka ba.

Inna kuma duk motar da ta tsaya bakin titi sai ta ce in leƙa. Na gaji da leƙe.

Ƙarshen Nuwamba ya yi min nisa. Ka tashi ka je, don zumuncin Allah.

Habiba

Serti, 27 ga Oktoba, 2021

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ni dai ga ni, da sauran ƙafafuna. Na je, na dawo shekaranjiya, sai yau hannuna ya yarda ya riƙe biro.

Da farko in gaya miki, sama ba ɗaya ba ce. Ranar da na bar gida ruwa ya raka ni har Gashaka. A can na sami masu dakon gishiri su uku, masu kai wa shanun sama, suka ce in bi su. Da gari ya waye aka nuna mini kan dutsen, ga shi nan tsaye sarai. Sai na yi lissafin mutumin fadama, wanda in ya hango giginya ya san kafin tuwo ya huce ya isa gindinta. Na ce musu ashe ma a can za mu yi azahar. Babbansu, wani dattijo, ya dubi takalmin ofis da ke ƙafata, ya dubi 'yar rigata ta shadda, ya ce, "Malam, bargonka fa?" Na ce ai yau zan dawo. Dariyar da suka yi har ɗayan ya sauke kayansa. Su duka takalmin roba ne a ƙafarsu, mai haƙora a ƙasa. Dattijon ya ara mini tsohon buhu, ya sare mini sanda.

Rafin farko ruwa iya gwiwa. Na biyu iya ƙirji, muka riƙe hannun juna muka ƙetare, wayata a cikin hula. Daga nan hanya ta miƙe tsaye. Ba tafiya ake yi ba, hawa ake yi, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Ƙasar ja ce mai santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, in ba saiwoyin itatuwa da ake takawa ana kamawa ba, da ban kai ko'ina ba.

Yaya, ban taɓa ganin itatuwa irin na kurmin nan ba. Ba a taɓa sa musu gatari ba. Akwai wanda mu huɗu muka kewaye shi da hannu ba mu haɗu ba, in kika ɗaga kai ki ga ƙarshensa sai hula ta faɗi. Gansakuka ta rufe jikinsu, wata tana reto daga rassa kamar gemun tsoho. Da rana tsaka duhu ne a ciki. Na nemi inuwata in gane ko azahar ta yi, babu rana balle inuwa, sai da dattijon ya ce a yi salla muka yi. Akwai wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da jela, suna zaune can sama suna kallonmu, ko gezau. Ga matsattsaku. Na cire safa na sami biyar sun sha sun yi tim, ni da nake cire wa shanu kaska.

Wajen la'asar takalmina na dama ya buɗe baki, ƙasan ya rabu da saman. Da igiyar buhu aka ɗaure mini shi. Na zauna a kan wata saiwa na ce ni kam na gama, a bar ni nan. Ana cikin haka sai ga mata biyu sun taho daga ƙasa, kowace da ƙwarya a ka, ɗaya da goyo. Suka gaishe mu suka wuce sama suna hirarsu, ko haki babu. Dattijon ya ce, "To, likita, ko mu kira su su goya ka?" Kunya ce ta tashe ni. Muka kwana a wata bukkar mafarauta, buhun nan ya yi mini rana.

Washegari hawan ya fi na jiya tsanani, amma itatuwan suka fara gajarta. Can wajen hantsi sai kurmin ya yanke lokaci ɗaya, kamar an buɗe ƙofa. Fili ne iya ganinki, tudu bayan tudu, ciyawa gajera kore shar, da furanni ƙanana, masu ruwan ɗorawa da farare da shuɗɗa, ba wanda ya shuka su. Na juya baya na ga girgije a ƙasa da ni, ya rufe kurmin da muka fito. Wallahi sai da na yi tasbihi. Iskar kuwa ba a banza aka sa wa wurin sunanta ba, ta ratsa shaddar nan har ƙashi. Babu sauro, babu ƙudan tsando, ruwa yana fita daga jikin dutse mai sanyi har haƙori. Na gane abin da ya sa mutum zai zo rakiya ya zauna.

Na sami Jaɓɓi. Ya tsufa. Da ya ji ni jikan Zaliha ne ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Matarsa Hawwa'u ta dama mini fura da nono mai ɗumi, ta tambaye ki, ta tambayi Inna. An nuna mini shanunku, an ware su daban, sun yi ƙiba sun hayayyafa. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Kwana biyu na yi a can.

Saukowa ta fi hawa wuya, yawancinta da mazaunai na yi ta.

Sauran bayani na rubuta wa Baffa Dodo, ta hannun ɗansa Khalifa da ke Gusau, tunda su an buɗe musu waya. Shi babba ne, shi zai zo ya same ku. Ki ce wa su Yaya kada su je kotu.

Ƙaninki,
Kamilu

Serti, 27 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Baffa Malam Dodo, Anka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ɗanka Kamilu ne, jikan Zaliha. Ina gaisuwa, ina fatan Baffa da iyali da ɗalibai kuna lafiya.

Baffa, Yaya Habiba ta aike ni neman maigidanta, na je. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa Yaya Labbo rasuwa. Na tsaya a kan kabarinsa, yana bakin fili inda kurmi ya ƙare, an jera masa duwatsu.

Sanyi ne ya shiga ƙirjinsa, ya yi kamar mako yana tari da zazzaɓi. Da abin ya yi tsanani suka ɗaura gadon gora, mutum huɗu suka ɗauko shi za su kawo shi asibiti. Ba su yi nisa cikin kurmin ba rai ya yi halinsa, suka juya da shi sama. Na bi hanyar nan da ƙafata, Baffa, ban san yadda suka yi da mutum a kafaɗa ba. Limamin rugar ne ya yi masa wanka da salla. Shi da Hawwa'u matar Jaɓɓi, kowa daban, sun ce mini tsakiyar Rajab ne, wata ya cika, ranar Juma'a.

Na tambayi Jaɓɓi dalilin da bai aiko ba. Wayar marigayin ta faɗa rafi ranar da suka ɗauko shi, lambobin duk suna ciki. Na ce ai da ya aiko mutum. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, a wannan zamani, Bafillace ya shiga Gummi ya ce Bahaushen da ya biyo ni ya mutu, shanunsa suna hannuna, wa zai bar shi ya ƙarasa magana?" Ya yi kuka, ni ma na yi. Na roƙi Baffa ya tare masa wannan wurin dangi, mutumin nan ya riƙe amana.

Akwai wata jar karsana da ya nuna mini. Ya ce marigayi ya ware ta tun tana maraƙa, yana kiranta ta Safa. Niyyarsa ya sayar da ita bayan azumi ya taho gida da kayan ɗaki.

Ban faɗa wa Yaya Habiba ba. Ba ni da bakin, kuma ba a ba mace irin wannan labari a takarda, ga tsohuwa a gidan. Na san hanya ba kyau, amma in da hali Baffa ya je da kansa.

Ɗanka,
Kamilu

Gummi, 4 ga Nuwamba, 2021

Kamilu,

Muna lafiya. Sannu da hanya, Allah ya saka da alheri, ya ba ƙafa lafiya. Maganar ruwa ka fi ni gaskiya, na janye.

Na aike ka neman mutum, ka aiko min da birai da furanni. Sau uku na karanta takardarka. Ka gaya min abin da ka sha, ka gaya min tsufan Jaɓɓi, ka duba lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya. Mai shanun fa? Kai yaro ne, Kamilu, ba ka iya ɓoyo ba. Tun daga wurin itatuwan nan da ka tsaya kana aunawa na san kewaye kake yi.

Baffa bai zo ba. An ce an tare hanya wajen Daki Takwas, motocin Anka sun kwana biyu ba su shigo ba. Inna na ce mata ka ga shanu suna lafiya.

Ban yi kuka ba, tunda ba a faɗa min ba. Amma na fiddo zanen da zan ɗaura, wani tsohon baƙin saƙi na innata, na wanke na ninke. Kwalli da turare na zuba su cikin kwalla na rufe. Shinkafar mutane da ke hannuna ta turarawa duk na gama na mayar, don in na shiga takaba ba ni son kowa ya zo min da maganar buhu. Wagga kaɗai ta rage da zan iya yi mishi, ina so in yi ta da kyau.

Kada ka ba ni amsa. Ka yi daidai, bakin Baffa nike jira.

Habiba

Gummi, 17 ga Nuwamba, 2021

Ƙanena Kamilu,

Assalamu alaikum. Muna nan cikin haƙuri. Mun ji gaisuwarka ta bakin Baffa, Allah ya ba da lada. Inna da sauƙi. Da anka faɗa mata, cewa ta yi ita tun azumi ta sani, ni take tausayi.

Baffa ya iso ranar Alhamis cikin motar ɗaukar albasa, ya zauna tsakar gida ya faɗa muna yadda ake faɗi. Na yi kukana. Da na natsu na tashi na shiga ɗaki na ɗauro zanen nan na fito. Sai ya dube ni ya ce, "Habiba, zauna tukuna." Ya fiddo takardarka ya sake dubawa, ya shiga lanƙwasa yatsu: Sha'aban, Azumi, Shawwal, Zulƙida. Ya ce, "Ɗiyata, takaba daga ranar rasuwa take farawa, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma. Taki ta fita tun kafin Layya."

Na ce, "Baffa, ban yi ta ba fa."

Ya ce, "Ta yi kanta. Ba ki sani ba, babu laifi a kanki, babu ramuwa."

Na ce to in yi ta yanzu don raina. Ya ce addu'a da sadaka ba su da ƙofa, in yi ta yi har in mutu, amma takaba lokaci gare ta, kuma shi ba zai ce min in ƙara ma addini abin da bai ce ba. Na san gaskiya ya faɗi. Na koma ɗaki na kwance zanen.

Matan unguwa da sunka zo gaisuwa sai barka suke min a kaikaice. Wata har ta ce, "Ke kam kin huta, Allah ya ɗauke miki zaman ɗaki." Kamilu, da ba a gidan rasuwa muke ba da na watsa mata ruwan buta. Ni na san inda nike cikin watannin nan. Cikin Shawwal ni ce uwar amarya. Na sha lalle hannu da ƙafa, na yi turare har maƙwabta na tsiya, na kwana gidan biki. Ina raba goro ina cika ina batsewa, duk wadda ta tambaye ni maigida sai in ce ya zaɓi shanu. Ashe shina can kwance cikin sanyi, ga karsanar ɗiyarsa na kiwo kusa da shi. Wannan ya fi mutuwar ci min rai.

Saƙon da na ba ka a takardar farko, ban san ko ka faɗe shi bisa kabarin ba. In ba ka faɗa ba, ka bar shi wurinka.

Baffa ya tara yayyena ya yi musu maganar Jaɓɓi, duk sunka amince. Ka aika mishi cewa mun gode, shanu su zauna inda suke har a yi rabo. Safa ta ce karsanarta kada a sayar.

Saura abu guda. Ka ce ruwanku shina ɗaukewa ƙarshen watan ga, wannan karon na yarda da kai. Na tambayi Baffa ko mace na iya ziyarar kabarin mijinta, ya ce tana iyawa in ba za ta yi kururuwa ba. Zakariyya ya san motar da ke zuwa Jalingo, babban yayana zai raka ni, Safa za ta zo ta zauna da Inna. Takaba ta wuce ni, amma dutsen ai shina nan inda yake. Kada ka fara min lissafin rafuka da matsattsaku, kai da bakinka ka ce mata biyu sun wuce ka da ƙwarya a ka, ɗaya da goyo. Ni ba ni da goyo.

Bargo ina da shi. Ka nemo min takalmin nan na roba mai haƙora, lamba talatin da takwas.

Yayarka,
Habiba